Allurar testosteron da GH: kurakuran gwajin jini da sababbin 'yan ƙarfe ke yi a Kumasi

A wuraren ɗaga ƙarfe na Aboabo da Asawase, an daina raɗa in ana zancen allura. Yaro ya yi wata shida yana fama da ƙarfe, ƙirji ya ƙi buɗewa yadda yake so, sai wani babban yaya ya ja shi gefe ya ce akwai hanya. Kuɗin kwalba ba ya wuyar samuwa, kuɗin gwajin jini ne kullum "sai ƙarshen wata". Ni dai ba na ɓoye ra'ayina: testosteron da sinadarin girma, wato GH, magungunan asibiti ne da likita ke rubuta wa wanda jikinsa ya gaza samar da su, lafiyayyen saurayi ba ya bukatarsu. Amma masu yi suna yi, wasu da takardar likita, da yawa babu, kuma kuskurensu wajen gwaji kusan iri ɗaya ne.

Babba a ciki shi ne a soka allurar farko ba a ɗebi jini ba. Da zarar testosteron na kwalba ya shiga, ƙwaƙwalwa takan rage LH da FSH, sinadaran da ke umartar 'ya'yan maraina su yi aiki, har su kusa ƙarewa. Daga nan babu mai iya gaya maka yadda jikinka yake tun asali. Gwajin farko da safe ake yi, kafin ƙarfe 10, ba a ci komai ba, kuma sau biyu a ranaku daban, domin testosteron da asuba yake hawa, ya sauka da yamma. A haɗa da FBC, wato ƙidayar ƙwayoyin jini, da LH da FSH, da suga, da kitsen jini, da hanta da ƙoda. A ƙara da ciwon hanta na B da C da HIV, musamman inda ake karɓa-karɓa da sirinji. Wanda ya kai shekara 40 ya nemi PSA, gwajin prostate, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara, don baƙar fata na cikin waɗanda kansarsa ta fi kamawa. In ka riga ka fara, ɗan'uwa, kada ka ce aikin gama ya gama. Je ka yi yanzu, takardar yau ita za a riƙa gwada ta gobe da ita.

Sai masu karɓar takarda su duba layi ɗaya tak, na testosteron, su ga ya yi sama, su ɗauki hoto su tura wa abokai. Layin da ya fi cancantar kallo yana can cikin FBC, an rubuta HCT ko PCV. Shi ke nuna kashi nawa na jini ne jajayen ƙwayoyi. Testosteron yana sa ɓargo ya ƙara ƙera su, jini ya yi kauri kamar kokon da ya kwana, zuciya ta riƙa turawa da ƙyar, haɗarin gudan jini da shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka, ta shekarar 2018, ta ce in ya wuce kashi 54 a dakatar da maganin har ya sauko, kuma wanda nasa ya haura 48 tun kafin a fara, ba a ba shi shawarar farawa. Ta ce a sake dubawa bayan wata 3 zuwa 6, sannan shekara-shekara. Wannan fa ga mai bin ma'aunin likita ne. Mai zuba ninkin wannan ba shi da hujjar jira har shekara.

Kada ka dogara da madubi. Jan fuskar da ake ambata a matsayin alama ba ya fitowa sosai a fatarmu. Ciwon kai, jiri da nauyin ido su ne kan zo, wani lokaci ma babu ko ɗaya. Hawan jini haka yake, shiru yake shigowa, kuma awonsa a kemis na unguwa ba ya ɗaukar minti biyar. In ya yi ta tsayawa a 140 bisa 90 ko sama, maganar likita ce.

Lambar HCT ɗin nan kan yi ƙarya ta fuska biyu. Wanda ya je lab bai sha ruwa ba, cikin hunturu ko da yammacin azumi, tasa za ta hau fiye da gaskiya. Wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, tasa za ta sauka, ya yi zaton lafiya lau. Sannan ga masu zuwa wurin wanzami a yi musu ƙaho don "a rage jini". Ban raina ƙaho ba, amma abin da yake cirewa bai kai ya sauke HCT mai 55 ba. Ba da jini akai-akai kuma yana cinye sinadarin ƙarfe na jiki, wato iron, sai mutum ya koma kasala alhali jinin bai daina kauri ba. Gyaran yana wurin allurar, a rage ko a tsaya, likita na kallo.

Ranar ɗiban jini ma tana da ƙa'ida. Mai allurar testosteron nau'in enanthate ko cypionate, a tsakiyar allura biyu ake ɗiba. Mai Nebido, nau'in da ke daɗewa a jiki, gab da allura ta gaba. Wanda ya soka jiya ya gwada yau, ƙololuwa kawai ya gani. A kula da ma'auni kuma: wani lab na rubutawa da nmol/L, wani da ng/dL, kuma 300 ng/dL daidai yake da kusan 10.4 nmol/L. Mutum ya ga 900 bara, ya ga 31 bana, hankalinsa ya tashi, alhali abu ɗaya ne. Ka tsaya a lab ɗaya, ka rubuta a bayan takarda ranar allurar ƙarshe.

A ɓangaren GH, asarar kuɗin da aka fi yi ita ce biyan gwajin GH ɗin kansa. Jiki a ɓarke-ɓarke yake sakinsa, galibi cikin barci, ya ɓace daga jini da wuri, don haka lamba ɗaya ba ta faɗin komai. IGF-1 ake aunawa, wanda hanta ke samarwa in GH ya taɓa ta, kuma iyakarsa da shekaru take tafiya: abin da ya dace da ɗan 22 ya yi wa ɗan 45 yawa. In IGF-1 ya ƙi motsi, sai ka ji an ce a ƙara yawa. Kafin nan a tambayi kwalbar. Jabu sun yi yawa a kasuwar bayan fage, na gaske kuma yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wanda firjin da dumsor, wato ɗauke wuta, ya kashe dare guda bai ba shi ba. Ranar da mai ƙara yawa ya dace da kwalba ta gaske, yatsu su kumbura, hannu ya riƙa mutuwa da dare, zobe ya ƙi fita.

Abin da GH ya fi taɓawa shi ne suga, domin yana hana insulin aiki yadda ya kamata. Sugan safe da ya kai 7.0 mmol/L ma'aunin ciwon suga ne, kuma daga 6.1 an shiga layin gargaɗi. A nan akwai tarko biyu namu na gida. "Azumin" da lab ke nufi awa 8 zuwa 12 ne ba abinci, amma ana shan ruwa. Wanda ya cika ciki da waakye a sahur ya je lab ƙarfe 8, bai cika sharaɗi ba ko da yana azumin Ramadan. Na biyu shi ne HbA1c, gwajin da ke nuna sugan wata uku, wanda 6.5 ne iyakarsa. A Ghana kusan kashi 2 cikin 100 na jarirai da sikila ake haihuwarsu, masu AS da AC kuwa ba iyaka, kuma irin wannan jini kan rikita wasu injinan HbA1c. Ka san genotype ɗinka, ko AA ne ko AS ko AC, ka faɗa wa ma'aikacin lab. A ƙara TSH da T4, gwajin thyroid, ƙullin wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, don GH kan fito da rauninsa da ke ɓoye.

Akwai kuma tsoron banza. ALT da AST, na gwajin hanta, kan hau bayan ɗaga ƙarfe mai tsanani, su kai mako ba su sauko ba, domin tsoka ma tana fitar da su. Creatinine, na gwajin ƙoda, na hawa ga mai tsoka da mai shan creatine. Ka huta kwanaki kafin gwaji, likita ya ƙara GGT don hanta ko cystatin C don ƙoda in yana shakka. Amma mai haɗiyar ƙwayoyin steroid kada ya fake da wannan, su kam suna cin hanta da gaske, suna kuma rusa HDL, kitse mai amfani. Haka masu shan maganin kashe estrogen, sinadarin mata da maza ma ke da kaɗan, don kan nono ya yi ƙaiƙayi, ba tare da sun auna ba: in ya faɗi ƙasa sosai, gaɓoɓi su yi ciwo, sha'awa ta mutu.

Maganar da samari ba sa so a yi ita ce haihuwa. Testosteron na iya kai ƙwayoyin maniyyi kusa da sifili yayin da mutum ke jin ƙarfi fiye da da, kuma dawowarsu kan ɗauki watanni, wasu fiye da shekara. Mai shirin aure ya yi gwajin maniyyi tun kafin allura, kada a zo ana zargin amarya.

Duk wannan ba ya amfani in ka shiga ofishin likita ka ce ƙwai da ayaba kawai kake ci. Kai masa kwalbar ko hotonta, ka faɗi yawan da ranar, ka nemi a tura ka wurin likitan sinadaran jiki a asibitin Komfo Anokye in abin ya kai. Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, kumburin ƙafa ɗaya ko karkacewar baki kuwa ba sa jiran sakamakon lab. A kira 112, ko a nufi sashen gaggawa a take.