Shawara ga masu son sayen girif na batir

Salam 'yan uwa masu ɗaukar hoto, maganar girif ɗin nan da ake ɗaurawa a ƙasan kyamara, ni dai a ganina ba kowa ne yake buƙatarsa ba. In aikinka biki ne, daga kamu zuwa ɗaurin aure zuwa dina ga wuta ba tabbas ba inda za ka sa caji, to wallahi zai yi maka amfani, don batir biyu yake ɗauka lokaci guda. Amma abin da ya fi burge ni shi ne maɓallin ɗauka na biyu da ke jikinsa, in ka juya kyamara a tsaye za ka ɗauki amarya ko ango ba sai ka murɗa hannu ka ɗaga gwiwar hannu sama ba, kuma in ka sa babban lens irin 70-200 kyamarar ta fi zama daidai a hannu.

Masu Canon 80D ko 90D naku BG-E14 ne, har ma yana da wajen sa ƙananan batir AA guda 6 in ta ƙure maka. Kowace kyamara da nata fa, a duba lamba kafin a biya kuɗi.

Matsalarsa nauyi, wuni guda a wuya sai ka ji a jikinka. In a situdiyo kake zaune ko yawo kake da ita, sayi batir na asali guda biyu ka jefa a aljihu ya fi maka araha. Kuma a kiyayi girif na jabu, wasu suna shanye caji ko kyamara a kashe take.