Yadda Marubucin Karkara Zai Gina Labarin Littafi ko na Fim

Abu na farko da mai sha'awar rubuta ƙagaggen labari ko labarin fim zai yanke shawara a kai shi ne inda labarin zai gudana. Da yawa daga matasanmu na Ringim da Gwarzo da Birnin Kudu da zarar sun ɗauki alƙalami sai su kai labari Abuja ko Dubai, su cika shi da benaye da motocin da ba su taɓa shiga ba, mai karatu kuwa yakan gane hakan tun a shafin farko. A ganina wannan asara ce, domin abin da marubucin birni zai sha wahalar bincikowa yana nan a ƙofar gidan na karkara: rikicin gadon gona tsakanin 'yan uba, gonar da aka jinginar aka kasa fansa, magidancin da ya tafi cin rani ya bar rumbu babu hatsi, ambaliyar kogin Haɗeja, da saɓanin manomi da makiyayi a kan burtali. Ko a tarihi, sunan Gwarzo yana cikin rubutun zube tun gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, wadda Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo yake cikin littattafan da ta samar.

Kafin ka fara babin farko, ka rubuta labarin gaba ɗaya a shafi guda, ka fayyace wane ne tauraro, me yake nema, wa ko me ya tare masa hanya, da yadda al'amarin zai ƙare. Idan ka kasa faɗin ƙarshen a taƙaice, labarin bai nuna ba tukuna. Wa'azi ba jigo ba ne. Idan kana son nuna illar cin dukiyar marayu, kada ka sa liman ya yi jawabin shafi uku. Ka nuna baffan yaran yana sayar da shanunsu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka bar mai karatu ya ji zafin da kansa.

Wurin da aka fi gane gwanin marubuci shi ne maganar taurari, kuma a nan kunne ya fi littafi amfani. Ka zauna a majalisar dattawa, da gindin rijiya, da rumfar mai shayi, ka lura da yadda mutane suke kewaya magana. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, matar ƙauye ba kasafai take ambatar sunan mijinta ba, suruki ba ya zazzage wa surukinsa abin da ke cikinsa, kuma wanda ya zo neman rance sai ya gama gaisuwa da tambayar damina kafin ya kai ga abin da ya kawo shi. Wannan alkunyar ita ce ke ba fitowa, wato yankin labari da ke faruwa a wuri guda, nauyi, domin abin da aka ƙi faɗa ya fi wanda aka faɗa motsa zuciya. Bayanin marubuci ya kasance cikin daidaitacciyar Hausa, amma a bar Bahaɗeje ya yi magana da karin harshensa. Haka kuma ka kiyaye lokutan shekara: gero yana riga dawa nuna, kuma manomi zai ajiye littafinka idan ya ga ana shuka a hunturu a gonar da ba ta noman rani ba.

Rubutun fim yana da nasa sharuɗɗan. A littafi kana iya shiga zuciyar tauraro ka faɗi tunaninsa, a fim kuwa ba a rubuta komai sai abin da kyamara za ta gani ko kunne zai ji. Kowace fitowa tana farawa da layin da ke nuna ciki ne ko waje, wane wuri ne, dare ne ko rana, sannan aikin da ake yi, sannan sunan mai magana da maganarsa. A tsarin da aka saba, shafi ɗaya yana ɗaukar kimanin minti ɗaya. Ka tuna da aljihun furodusa, domin masana'antar fim ta Kano, wadda ake lissafa farkonta daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, har yau da ƙaramin jari take tafiya. Labarin da za a ɗauka a gida biyu da gona da fadar dagaci, da taurari kaɗan, ya fi samun mai saye a kan mai buƙatar hawan sallah. Idan kuma sai da koren gona labarin zai yiwu, ka sani ka ɗaure masu ɗaukarsa da damina.

Mafi yawanmu a waya muke rubutu. Ka saka allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ, ka koyi ƙa'idar raba kalmomi da haɗe su, kuma duk ranar da ka sami sabis ka tura wa kanka kwafi ta imel, saboda waya tana lalacewa ko a sace ta. Idan ka kammala, ka ajiye rubutun na ɗan lokaci, sannan ka karanta shi a bayyane ga mutumin da ba ya jin nauyinka, ka yanke duk inda ka ga hankalinsa ya tafi.

Hanyoyin fitar da aiki sun yawaita. Akwai Wattpad, manhajar wallafa labarai a intanet, da zaurukan WhatsApp, akwai reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, akwai kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara domin mata a 2016. Fim a Kano yana bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, don haka ka san ƙa'idojinta tun kana rubutu. Ga furodusa kuwa, ka fara tura taƙaitaccen labari, kada ka miƙa cikakken rubutu sai an yi yarjejeniya a takarda gaban shaidu, wadda ta fayyace kuɗin, da lokacin biya, da yadda za a sa sunanka, da ko zango ɗaya ka sayar ko labarin baki ɗaya. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, mallakar rubutu ba ta komawa hannun wani ta hanyar ciniki sai an yi shi a rubuce.