Kurakuran da amare ke yi wajen zaɓen kayan hoto, tun daga na ciki

Idan hoton amarya ya fito ba yadda ake so ba, mutum uku ne ke shan zagi: mai hoto, mai kwalliya, sai tela. Ni tela ce, a Tudun Wadan Zariya shagona yake, kuma na sha nawa rabon. Amma sau da yawa idan na karɓi wayar na zuƙo hoton, sai in ga ɗinkin lafiya lau, hasken ma ba laifi. Abin da ke ƙarƙashin rigar ne ya ɓata komai. Amarya za ta yi wata uku tana zaryar Kasuwar Sabon Gari, wata ma har ta hau mota zuwa Kantin Kwari a Kano saboda leshi ɗaya, amma rigar mamar da za ta ɗauki nauyin leshin, sai ranar hoto da safe za ta zura hannu a akwatin lefe ta ciro wadda ta fara taɓawa.

To wa ya sayo kayan cikin da ke lefen? Yayar ango ce da gwaggonsa. Sau biyu suka ga yarinyar, duka biyun tana cikin hijabi har ƙasa, sai suka yi kirdado suka kwaso dozin. In ma an aiko a tambaye ta lambarta, kunya ta sa ta faɗi wadda take sawa tun tana aji huɗu a sakandare. Shi ya sa nake ce wa duk amaryar da ta shigo shagona, kayan cikin lefe na zaman gida ne. Wanda za ki sa ranar hoto da ranar biki, ke za ki saye shi da kanki, bayan kin auna.

Awon ba wuya gare shi. Ki ɗauki tef ɗin tela, ki zagaye ƙirjinki daidai ƙarƙashin mama, tef ɗin ya kama jiki amma kada ya shige cikin nama. Wannan shi ke ba ki lambar, 34 ko 36 ko 38. Sai ki sake zagayewa ta inda ƙirjin ya fi cika, wannan karon sakwa-sakwa. Bambancin da ke tsakanin awon biyu shi ne harafin: inci 1 A ne, inci 2 B, inci 3 C, inci 4 D. Mata da yawa a nan lamba kawai suka sani. Za ta ce wa mai kanti "ba ni 36", ta biya ta tafi, alhali 36B da 36D ba su haɗa hanya ba. Akwai kuma abin da ke rikita mutane a kayan da ake shigowa da su daga Turkiyya da Chaina, inda za ki ga an rubuta 75 ko 80 ko 85. Lissafin Turai ne. 75 ita ce 34, 80 ita ce 36, 85 ita ce 38. Idan kuma kika gwada 36B kika ji kokon ya yi miki daidai amma bayan yana sakwa-sakwa, ba 34B za ki nema ba, 34C za ki nema. Duk lokacin da lamba ta sauka, harafi hawa yake yi.

Awo jagora ne kawai, gwaji shi ne alƙali. Sabuwar rigar mama a ƙugiyar farko ya kamata ta kama ki, wato mafi sakewa, domin roba tana saki da wanki, sai ki riƙa matsawa ciki a hankali. Ki juya wa madubi baya. Idan bayan ya haura sama kamar zai taɓa wuya, ya yi miki yawa. Idan nama ya tumbatso ta sama ko ta gefen hammata, kokon ya yi kaɗan, kuma wannan tumbatsar ce ke fitowa a hoto kamar an naɗe tsumma a cikin riga. Kada ki ce za ki gyara da jan igiyar kafaɗa. Ba ita ke ɗaukar nauyin ba, zagayen ƙirjin ne ke ɗauka. In kika ja ta da yawa rami kawai za ta yi miki a kafaɗa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne wanda ke faɗowa a kaina. Bara wata amarya daga Gyallesu ta zo awo da wata tsohuwar rigar mama marar soso, duk ta saki. Na auna, na yanka leshi mai tsada, na yi shafi, na dasa duwatsu da hannu kwana uku. Ranar hoto sai ta sa sabuwa mai soso mai kauri da ƙarfe a ƙasa. Zif ya hau rabin baya ya ce shi bai san zance ba. Ta kira ni tana kuka daga shagon hoto: "Anti, rigar nan kin tsuke ta." Na hau Keke Napep na je da almakashi da zare, na tarar da ƙawaye uku sun taru a bayanta, ɗaya na danna, ɗaya na ja, ɗaya na cewa ta riƙe numfashi. Na ce mata, ƙanwata, cire wannan ki mayar da ta ranar awo. Ta ce ai ta bar ta a gida. Sai da na farke gefe biyu a nan tsaye, kwalliyar fuskarta tana narkewa. Inci ɗaya ko biyu da soso ya ƙara ya isa ya hana riga rufuwa. Don haka a sayi kayan ciki tukuna, a je awo da su a jiki, a je gwaji da su, a je hoto da su. Takalmin ma haka, saboda tsawon siket.

Sai launi. Kusan kowa ta ɗauka farar riga sai farin kayan ciki. Ai kuwa fari a ƙarƙashin fari shi ya fi fitowa, domin ya fi fatarki haske, sai shatinsa ya bayyana raɗau. Abin da ke ɓacewa a ƙarƙashin farin yadi ko leshi mai raga shi ne launin da ya yi kusa da fatarki. Ga yawancinmu wannan ruwan ƙasa ne ko ruwan cakulan, ba wancan ruwan madara da kamfanoni ke kira launin fata ba, fatar wasu suke nufi. Baƙar abaya ko baƙin yadi mai laushi kuma su ne mayaudara. A ɗaki za ki ga komai a rufe, amma filashar kyamara tana ratsa siririn yadi ta dawo da duk wani abu mai haske da ke ciki. Gwajin kyauta ne: ki sa kayan gaba ɗaya da daddare, ki ba ƙanwarki waya ta kunna filasha ta ɗauke ki gaba da baya da gefe. Abin da kika gani a nan, fitilun mai hoto za su ninka shi.

Ɗan kamfai mai kaurin baki yana zana layi a bayan siket mai kama jiki, musamman yadi mai santsi. A nemi marar ɗinki a baki, ko gajeren wando na roba mai sauka cinya. Shimi kuma kada ya fi siket tsawo ko da ɗan yatsa ne, don idan kika zauna shi zai fara leƙowa.

Ɗamarar matse ciki tana da nata rikicin. Amare suna sayen wadda ta gaza su da lamba ɗaya ko biyu, wai don ƙugu ya fito. A tsaye sai a ce masha Allah. Amma rabin hotunan amarya a zaune ake yin su, kuma da ta zauna sai ɗamarar ta naɗe, naman da aka kora daga tsakiya ya fito ta sama da ta ƙasa. Ga fuska a ɗaure, don mai fama da numfashi ba ta iya murmushin gaske. Ki sayi lambarki, ki zauna da ita minti 20 a gida, ki sunkuya, ki ɗaga hannu. In kuma rigar kwaset aka yi miki mai ƙasusuwa da koko a ciki, ba ta bukatar ɗamara, sau da yawa ba ta bukatar rigar mama ma. Haɗa su ukun shi ke sa a ga amarya ta sandare kamar an dasa ta. Rigar da aka yi wa kafaɗa da raga kuwa, igiyar rigar mama tana fitowa a ciki ƙarara, har da wannan ta roba mai kamar gilas da ake cewa ba a ganinta. Ana ganinta, ƙyalli take yi.

Kayan waje ba zan daɗe a kansu ba, don nan kowa gwana ce. Abu kaɗan ne. Kada ki kwashi kaya kala bakwai zuwa hoton awa biyu. Kowane canji da ɗaurin kansa, kafin ki kai na huɗu kin gaji, ido ya faɗa. Uku sun isa: atamfa ko leshi, lifaya, sai na gargajiya, saƙi ko kayan Fulani in da shi za ki yi kamu. Yadi mai ƙananan ratsi a jere yana rikita kyamara, ya fito da wasu igiyoyi masu rawa da babu su a zahiri. Satin da shadda mai maiƙo suna nuna duk wata tamoji, don haka a rataye za a kai su, ba a ninke a leda ba. Ki tambayi mai hoto launin bangonsa kafin ranar, kada ki je da ruwan zuma ki tarar da labule ruwan zuma. Wadda kuma ke son hoton waje, a gindin Dutsen Kufena ko cikin itatuwan Samaru, ta duba wata. A Disamba da Janairu ƙurar hunturu tana dusashe baƙin kaya, iska tana wasa da mayafi, ƙafa da gwiwar hannu suna yin furu-furu in ba a shafa mai ba. A Maris da Afrilu kuwa, leshi mai shafi biyu da rana tsaka azaba ce, zufa za ta zana taswira a hammata kafin a ɗauki hoto goma. Da sanyin safiya ko bayan la'asar ake fita.

Gyaran jiki ma yana taɓa kaya. Dilka tana da kurkur, kuma kurkur yana rina farin yadi rawaya, don haka kada a fito daga dilka yau a sa farar lifaya gobe ba tare da an yi wanka sosai ba. Halawa tana barin fata ja da ƙananan ƙuraje ga wasu, a ba ta kwana biyu ko uku. Jan lalle sai ya kwana ɗaya ko biyu yake nuna, ranar da aka wanke shi bai gama kamawa ba. Humra kuwa mai ce, ɗigo ɗaya a ƙirjin satin ya zauna ke nan har a gama hoto. A shafa a jiki, a bari ya sha, sannan a sa kaya. Turaren wuta shi ne na tufafi.

Akwai maganar da amare ke yi mini ƙasa-ƙasa bayan ƙawaye sun fita. Wata tana son ta yi hoto da kayan barcin da ta saya, na mijinta shi kaɗai. Ta fuskar kaya, ka'idar ba ta canza ba, sai ma ƙaruwa da ta yi, don a nan babu leshin da zai rufa asiri. Lambarki ta gaskiya, ba wadda kike fata ba, domin roba mai matsewa tana yanka jiki gida biyu. Launi mai ƙarfi, ja mai duhu, ruwan goro, kore mai duhu ko ruwan zinari, ya fi karɓar fatarmu a kan waɗannan masu hasken alawa. Doguwar riga mai laushi da ta sama mai buɗewa ta fi tarkacen igiyoyin da ke zuwa a kwali, waɗanda ko yadda ake sa su sai an yi shawara. A yanke takardar kamfani da ke leƙowa a baya. In a gwanjo aka saya, a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Kuma a cire duk wani abu mai roba, har safa, kamar awa ɗaya kafin nan, a zauna da doguwar riga sakakkiya, don shatin roba yana daɗewa a fata.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babban kuskuren shi ne inda hoton zai kwana. Yin ado ga miji abu ne da iyayenmu ma suka koya mana, amma ado a ɗaki yake tsayawa, hoto kuwa ƙafa gare shi. Ni dai ba na ba kowa shawarar ta je shagon hoto da irin wannan, ko da mace ce mai ɗauka, domin hoton zai zauna a katin kyamara da kwamfutar shago, kuma ba ita kaɗai ke taɓa kwamfutar ba. A wayarki ma, ki tuna wa ke ɗaukarta: ƙaninki mai buga gem, ƙawar da ta ce bari ta tura hotunan kamu, da mai gyara ranar da gilashi ya fashe. Wayoyi da yawa suna kwafe hotuna zuwa Google Photos ko iCloud da kansu, kuma abin da kika goge ba ya tafiya nan take. A iPhone yana zama kwana 30 a wani akwati na daban kafin ya ɓace. Tsarin kallo sau ɗaya na WhatsApp yana hana ajiyewa, amma ba ya hana a ɗauki fuskar wayar da wata wayar. Aure kuma, Allah ya ba da zaman lafiya, amma mun ga yadda wasu ke ƙarewa.

Idan sun tambaye ni, nakan ce su sa kayan, su tsaya gaban madubin sif, su gyara abin da ke bukatar gyara, wayar tana can falo a jikin caji. Wadda ta nace sai ta ɗauka, to fuska dai kada ta shiga, kuma ta tuna zanen lallen hannunta yana cikin hotunan biki da duk dangi suka gani.