Darasi na Bakwai: Kula da Hanyar Mai a Injin Jirgin Ruwa

Masunta da masu fito a Yawuri, da gaɓar tafkin Kainji, da Baga a bakin tafkin Chadi sun san cewa injin da ya mutu a tsakiyar ruwa yana iya jawo asarar rai. Sau da yawa matsalar tana somawa ne a kwanakin da injin yake ajiye, domin a lokacin ne mai yake lalacewa a cikin tanki da tiyo da kafireto ba tare da mai jirgi ya lura ba.

Babban abin da ke ɓata fetur shi ne ruwa. Idan aka bar tanki rabi, iskar da ke cikinsa takan ɗauki laima, da dare kuma idan gari ya yi sanyi sai laimar ta zama ɗigon ruwa a jikin tankin. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka yana kwanciya a ƙasa, daidai inda bakin bututu yake zuƙar mai. Wannan ne ya sa inji yakan tashi lafiya da asuba, ya yi tafiya kaɗan, sannan ya soma tari ya mutu. Gwajin kuwa ba shi da wuya. Ka zuba man kaɗan a kwalba mai haske, ka ajiye ta na ɗan lokaci. In da ruwa, za ka gan shi ya ware a ƙasa da layi a tsakaninsa da fetur. Wannan gwaji ya zama dole musamman ga wanda yake sayen mai a jarka a hannun 'yan bumburutu, kuma ya kamata kullum ka tace man da mazurari mai raga ko ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki.

Yawancin injinan da ake rataya wa kwale-kwale, irin su Yamaha, ana haɗa musu fetur da man inji ne a tanki ɗaya. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kashi 50 na fetur da kashi 1 na man inji, wato lita 25 ta fetur tana buƙatar rabin lita, jarka mai lita 20 kuma mililita 400. Amma ka duba littafin injinka, domin sabon inji yakan buƙaci man inji fiye da haka a farkon aikinsa. Kada ka yi awo da ido. Idan man inji ya yi kaɗan fistin zai ci, idan ya yi yawa fulogi zai yi baƙi. Kada kuma ka haɗa fiye da abin da za ka ƙarar cikin 'yan makonni.

Duk ranar da ka dawo daga ruwa, ka ɗaure ɗan notin iska da ke kan murfin tanki, ka kai tankin inuwa. Ka shafa tiyo da hannu daga farko har ƙarshe, ka matsa robar famfo, wato ƙullin robar da ke jikin tiyo mai tura mai zuwa inji, domin zafin rana yana busar da roba har ta tsage, kuma ta wannan tsagar iska take shiga ta hana mai isa ga inji. Ka cire kofin matacin mai ka zubar da dattin da ya taru.

Ajiya mai tsawo, kamar lokacin da ruwa ya janye ko aka tafi aikin gona, ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Fetur da ya daɗe a kafireto yakan bushe ya bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro, wanda ke toshe ƙananan ramukan da mai yake bi, ramukan da wasunsu ba su fi kaurin allura ba. Domin kauce wa haka, ka zare tiyo daga jikin inji yana aiki a hankali, ka bar shi ya shanye ragowar man har ya mutu. Ka yi wannan ƙafar injin tana cikin ruwa, domin tayar da shi a busasshe yana ƙona robar da ke tura ruwan sanyaya. Daga nan ka kwance notin da ke ƙasan kafireto, ka tari abin da ya rage a gwangwani. Ka juye tankin gaba ɗaya, ka cire fulogi ka ɗiga man inji kaɗan a raminsa, ka ja igiya a hankali sau biyu ko uku, sannan ka mayar da fulogin ka jingine injin a tsaye a busasshen wuri.

Duk wannan aiki a sarari ake yinsa, nesa da murhu da fitila da mai shan taba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan taru a ƙasan jirgi ko a ɗaki, don haka kada a ajiye jarkar mai a inda iyali suke kwana.

Ranar komawa ruwa, ka zuba sabon haɗi, ka sassauta notin iska, ka tabbata kibiyar da ke jikin robar famfo tana kallon inji, ka matsa ta har ta yi tauri. Ka bar injin ya yi aiki na 'yan mintoci a bakin gaɓa kafin ka ɗauki fasinja ko kaya. Idan yana katsewa ko kuwa ka ji warin fetur, ka kira bakanike tun jirgin yana ɗaure.