Darasi na Shida: Rainon Itatuwa daga Kututture

Duk mai gona ko mai ɗan kurmi na kansa ya san yadda ake shara kafin saukar damina: a sare sabara da kalgo da geza da suka toho, a tara su, a cinna musu wuta. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, kututturen da ake sassabewa kowace shekara bai mutu ba, domin saiwarsa tana can ƙarƙashin ƙasa tana shan danshin da sabon dashe ba zai kai gare shi ba sai bayan shekaru.

A kan wannan aka gina abin da manoman Maraɗi suke kira sassaben zamani. Wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, shi ya fara yaɗa dabarar a yankin a 1983, bayan ya ga yawancin itatuwan da ake dasawa suna mutuwa saboda fari da iska da dabbobi. Daga baya an ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Aikin ba ya bukatar kuɗi, amma yana bukatar ido. Manomi zai tsaya a kan kututture ya duba tohon da ya fito, wanda wani lokaci yakan kai ashirin, sai ya zaɓi uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya cire sauran. Waɗanda ya bari zai rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu, ba fiye da haka ba, domin idan aka yi musu aski ƙwal, iska ko akuya za ta karya su cikin sauƙi. Adda ko gatarin ya kasance mai kaifi, kuma a yi saran daga ƙasa zuwa sama, saboda saran da aka yi daga sama yakan ɓare ɓawo ya bar rauni inda ƙwari da ruɓa suke shiga. Bayan 'yan watanni sai a dawo a sake ragewa, rassan da aka cire kuwa sun zama makamashin gida.

Wanda ya sami gawo a filinsa ya ba shi kulawa ta musamman, domin yana kaɗe ganye da damina, ba ya hana gero rana, sannan da rani 'ya'yansa abinci ne ga dabbobi.

Babbar matsalar, a gaskiya, ita ce masu sara da dare. Saboda haka a ɗaura ƙyalle a jikin tohon da aka zaɓa don a san yana da mai shi, a kuma zauna da maigari da makiyaya da maƙwabta a yi yarjejeniya. Kafin a sare babban itace, ko da a fili na gado ne, a tuntuɓi malamin daji, tunda akwai itatuwan da doka ta ba kariya.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya zagaya filinsa ya ƙirga kututture masu toho, ya rubuto sunayensu da adadinsu a littafinsa.