Yadda za ka rage wa tarwada wahala don kada gyambo ya kama ta

Duk mai kiwon kifi a Yauri ko Argungu ya san wannan: ka ɗebo 'ya'yan tarwada lafiya lau, bayan kwana 3 sai ka ga jan miki a jikinsu, ciki ya kumbura. Ƙwayar bakteriyar da ke haddasa haka, Aeromonas, dama tana cikin ruwan. Wahala ce ta buɗe mata ƙofa.

Idan kifi ya firgita ko ya galabaita, ƙodarsa kan saki sinadaran kotisol da adirenalin da noradirenalin. Kotisol yana raunana garkuwar jiki. Noradirenalin kuwa ɓarnarsa ta fi ba ni tsoro, domin yana taimaka wa bakteriya ta ƙwace sinadarin ƙarfen da ke cikin jinin kifi, ta yi ta hayayyafa.

Fara da ranar ɗauko kifi. Ka hana su abinci awa 24 kafin tafiya, don kada kashinsu ya ɓata ruwan jarka. Ka yi tafiyar da sassafe, ka zuba gishiri gram 3 a kowace lita. Idan ka iso, kada ka juye su nan take. Ka riƙa haɗa ruwan tafkinka da na jarka kaɗan-kaɗan na kamar minti 20, har ɗuminsu ya daidaita.

Wajen rarraba manya da ƙanana ne muka fi yin ganganci. Ka jiƙa hannunka da komar kamun kifi tukuna. Yauƙin nan na jikin tarwada shi ne rigarta, inda ya goge nan cuta ke shiga. Kada ka bar su zube a busasshiyar roba kana hira.

Sai ruwa. Tarwada ta fi sakewa a ɗumin digiri 25 zuwa 30, shi ya sa hunturun Disamba da Janairu ke karya ta. Lokacin ka rage abinci, domin wanda ba ta ci ba ruɓewa yake ya zama guba. Ka leƙa tafki da asuba, iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa ta fi ƙaranci a lokacin. In ka ga sun taru sama suna haki, ka sauya wani ɓangare na ruwan, ka rage cunkoso.

In miki ya riga ya fito, ka ware masu shi, ka nemi likitan dabbobi kafin ka zuba wani maganin kashe ƙwayoyin cuta.