Yadda Ake Tantance Ma'ana da Rawa a Aikatau na Turanci Bisa Tsarin PropBank

Duk wanda aka ba aikin sanya alamomi a jimlolin Turanci domin horar da kwamfuta, da wuya ya kauce wa tsarin PropBank, wanda Martha Palmer da abokan aikinta suka gina a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a kan rubuce-rubucen jaridar Wall Street Journal da ke cikin taskar Penn Treebank, suka kuma bayyana shi dalla-dalla a shekarar 2005. Aikin hawa biyu ne. Da farko a gano ma'anar da aikatau yake ɗauke da ita a jimlar, sannan a ba kowane yankin da ke tare da shi lambar rawar da yake takawa, irin su Arg0, Arg1 da Arg2. Dole ne a bi hawan nan a jere, domin lambar rawa ba ta da tsayayyar ma'ana sai an san wace fuska ta aikatau ake magana a kanta.

Ka fara da karanta jimlar gaba ɗaya, in da hali har da wadda ta gabace ta, kafin ka buɗe fayil ɗin aikatau, inda aka jera ma'anoninsa da rawar da ke ƙarƙashin kowace. Ɗauki "decline". Ma'ana ta farko, decline.01, raguwa ce, ta biyu kuwa, decline.02, ƙin amincewa ce. A jimlar "Sales declined 10% to $9 million from $10 million" raguwa ake nufi, saboda haka "sales", abin da ya ragu, shi ne Arg1, "10%" adadin raguwar shi ne Arg2, inda aka taso wato dala miliyan 10 shi ne Arg3, inda aka tsaya wato dala miliyan 9 shi ne Arg4. Babu Arg0 ko kaɗan, domin babu wanda ya aikata komai. Amma a "The minister declined the invitation", ministan ne Arg0, gayyatar da ya ƙi kuma ita ce Arg1. Kalmomin da suka buɗe jimlolin biyu duk aikau ne a nahawu, duk da haka lambarsu ta bambanta.

A nan ne sababbin ma'aikata suka fi tuntuɓe, don haka ya kamata a tsaya a kai. Gurbin kalma a jimla ba shi ne yake ba ta lamba ba. Arg0 na wanda ya haddasa aiki ne, Arg1 na wanda aikin ya faɗa wa ko ya sauya masa hali, rabon da aka ɗora a kan nazarin da David Dowty ya wallafa a 1991. A "John broke the window", da "The window broke", da "The window was broken by John", tagar Arg1 ce a dukkan ukun, ko da ta koma farkon jimla. Idan aka ƙara "with a stone", dutsen ya zama Arg2, wato abin da aka yi aikin da shi. Bahaushe yana da sauƙi a nan, domin harshensa yana bambanta "yaro ya fasa tulu" da "tulu ya fashe" a jikin aikatau, alhali Turanci siga ɗaya yake amfani da ita. Idan ka yi shakka, mayar da jimlar Hausa a zuci, za ka ga wanda ya yi da wanda aka yi wa.

Kada irin wannan juyi ya sa ka buɗe sabuwar ma'ana. Jimlolin nan duka break.01 ne, domin rawar ba ta sauya ba, jerin kalmomi ne kawai ya sauya, kuma irin juye-juyen nan ne Beth Levin ta yi amfani da su wajen karkasa aikatau na Turanci a 1993. Ƙamus na WordNet, wanda George Miller ya kafa a Jami'ar Princeton, ya ba "break" ma'anoni fiye da 50, rarrabewar da masu sanya alama ba safai suke haɗuwa a kanta ba. PropBank yana raba ma'ana ne idan jerin rawar ya bambanta, kuma a ganina wannan shi ne mafi dacewa ga aikin da mutane da yawa za su yi tare. Sai dai "break up" da "break down" suna da nasu lambobin, kada a cusa su cikin break.01.

Bayan rawar mai lamba, sai ƙarin bayani, wanda yake iya raka kusan kowane aikatau: ArgM-TMP na lokaci, ArgM-LOC na wuri, ArgM-MNR na yadda aka yi, ArgM-CAU na dalili. Kalmar korewa "not" tana samun ArgM-NEG, irin su "will" da "can" kuma ArgM-MOD. Abin lura shi ne, ba kowane wuri ne ArgM-LOC ba. A "She read the book in the library", ɗakin karatun ƙarin bayani ne, amma a "She put the book on the table", teburin Arg2 ne, domin fayil ɗin put.01 ya tanadi gurbin inda aka ajiye abu, kuma jimlar ba ta tsayuwa in an cire shi. Kullum fayil ake fara dubawa, abin da bai samu gurbi a can ba shi ne yake zama ArgM.

Wajen shata iyaka, ka ɗauki yankin gaba ɗaya kamar yadda bishiyar jimla, wato zanen da ke nuna yadda jimla ta rarrabu zuwa yankuna, ta nuna shi, tare da siffofinsa da duk abin da ya rataya a jikinsa, ba kalmar tsakiya kaɗai ba.

Wani lokaci za ka haɗu da jimlar da babu ma'anar da ta dace da ita a fayil. Kada ka tilasta mata mafi kusa don ka wuce, domin kwamfuta za ta koyi kuskuren tamkar daidai ne. Ka ware ta, ka rubuta dalilinka a taƙaice, ka miƙa wa masu tsara fayilolin su duba ko ana bukatar ƙarin ma'ana. A tsarin PropBank mutum biyu ne suke yin kowace jimla, kowa shi kaɗai ba tare da ganin aikin ɗan'uwansa ba, sannan mai sasantawa ya yanke hukunci inda suka saɓa, saboda haka kada ka tambayi abokin aikinka lambar da ya zaɓa kafin ka miƙa naka.